HALI ZANEN DUTSE NE?

Darasin wannan wata

'Yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan wata magana ce wadda kowa ya sani, tun daga Kwanar Ɗangora har Riruwai. In yaro ya yi sata sau biyu, dattawa su kan kaɗa kai su ce, "Hali zanen dutse." In mace mai faɗa ta fita daga gidan miji na uku, haka a kan ce. Har mutum ya kan faɗe ta a kan kansa sa'anda aka tsauta masa domin zafin rai, ya ce, "Ku ƙyale ni, haka ni ke."

Maganar gajeriya ce, amma abin da ke rataye a kanta yana da nauyi. In gaskiya ce ɗungum, to, horon yara wahalar banza ce, wanda ya fito daga gidan yari kuma kada kowa ya ba shi aron gona, mashayi kuwa a bar shi da tulunsa har ya mutu. In kuma ƙarya ce ɗungum, don me kakanninmu, waɗanda suka san mutum sarai, suka bar mana ita gado? Bari mu kai wannan tambaya gaban karin magana, da tatsuniya, da littattafai, da masu hikima na nesa, da abin da ƙasarmu ta gani da idonta.

1. Karin magana baki biyu gare ta

In muka tara karin maganar da ta shafi hali, sai mu ga ta rabu gida biyu. Gida na fari yana cewa hali ba ya sakewa: "Mai hali ba ya fasa halinsa," da kuma "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Gida na biyu yana cewa hali abin gyara ne, abin ɓatawa kuma: "Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi," da "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Har in ɗan mutumin kirki ya lalace, a kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, watau gado bai tabbata ba ke nan.

Kada mu yi tsammani magabata sun ruɗe ne. Karin magana kamar kayan aikin gona ta ke. Akwai gatari, akwai fartanya, akwai lauje, kowanne da lokacinsa. Wanda ya shiga yankan shinkafa a fadamar Tudun Wada da gatari, kada ya zagi maƙeri. Gida na fari domin wanda za ya ba da amana ne, kamar mai aurar da 'ya, ko mai ba da aron shanun noma, ko matan da ke zaɓen uwar adashi. Ana ce masa ya dubi abin da mutumin ya saba yi, kada daɗin baki na rana ɗaya ya ruɗe shi. Gida na biyu kuwa domin wanda ke da yaro a hannunsa ne, da wanda ke da ransa a hannunsa, watau kowannenmu.

Mu lura kuma da kalmar nan zane. Dutse ba ya fitowa daga ƙasa da zane a jikinsa, wani abu ne ya zana shi. Ku dubi dutsen niƙa na tsohuwa yadda ya yi kwarmi, ko itacen bakin rijiya yadda igiyar guga ta yi masa tsagi. Ba ranar da wani ya tashi ya ce yau za ya sassaƙa su. Yau da gobe ce ta yi aikin. Ashe maganar da kanta tana gaya mana cewa hali yana da mai zana shi.

2. Gizo ba ya tuba

Dukanmu mun san tatsuniyar Gizo da hankaki. Ana yunwa, hankaki suna zuwa cin ɓaure a tsakiyar kogi. Gizo ya yi ta roƙo har kowannensu ya ara masa gashi ɗaya, ya tashi sama tare da su. Da suka isa, sai kowane ɓaure hankaka ya nufa Gizo ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Hankaki suka ji haushi, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan itace, ruwa gaba ruwa baya. Ya faɗa kogi, kadoji suka karɓe shi baƙo, ya saka musu da cinye ƙwansu.

Abin lura shi ne, Gizo ba ya koyon komi. Daren yau ya sha wuya, daren gobe ga shi kuma da tsamin bakinsa, yana cutar Kura, yana yi wa Ƙoƙi ƙarya. In akwai wanda halinsa zanen dutse ne, to, Gizo ne. Wani Baturen mulki, Frank Edgar, ya tara tatsuniyoyin Hausa masu yawa, aka buga su littafi uku daga 1911 zuwa 1913. Malam Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tara waɗansu domin makarantu a farkon shekarun 1970. Ko'ina ka buɗe inda Gizo ya fito, halin nan nasa ne za ka tarar.

To, don me kaka ta kan hana kanta barci tana ba jikoki labarin macuci? Domin ta san abin da ke faruwa a cikin yaro sa'anda ya ke dariya. Yaron da ya dumbuzi tuwo fiye da rabonsa da maraice, shi ne ya fi kowa gane abin da ya sa Gizo ya ce dukan ɓaure nasa ne. Kaka ba ta kira sunansa ba, ba ta kunyata shi gaban ƙannensa ba. Ta ɗora kwaɗayinsa a kan Gizo, ta ajiye a tsakar gida, domin ya gan shi daga waje, ya ga inda ya ke kai mai shi. Da tsofaffin nan sun gaskata cewa hali ba ya gyaruwa, da ba su ɓata darensu ba. An bar Gizo cikin halinsa ne domin yaro ya fita daga nasa.

3. Abin da littattafai suka ƙara

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a hannun Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan aiki: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. A cikin Ruwan Bagaja har yanzu muna jin ƙanshin tatsuniya, gama Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna wayo daga gari zuwa gari kamar Gizo biyu. Amma Jiki Magayi ya kawo wani abu dabam, watau mutum wanda ya fara da hali ɗaya ya ƙare da wani.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Abubakar saurayi ne, yana son Zainabu, ita ma tana sonsa. Malam Shaihu, mai dukiya wanda ba shi da ɗa, ya shiga tsakani da ƙarfin arzikinsa ya aure ta. An cuci Abubakar, babu shakka. Sai ya bar gida ya shiga duniya neman asirin da za ya rama da shi, ya sha wuya ƙwarai har ya samu. Ya sa wa ɗan da aka haifa, wanda a ke kira Kyauta, yaron ya tashi ɓarawo, har daga ƙarshe ya kashe ubansa bai sani ba. Abubakar kuwa bai ci ribar komi ba, ƙuruciyarsa da lafiyarsa duka sun tafi a hanyar ramuwa.

Mu tambayi kanmu, da wane hali aka haifi Abubakar? A farkon littafi ba mugu ba ne. Kowace safiya da ya tashi ya sake tuna cutar da aka yi masa, ya sake zaɓen hanyar ramuwa, igiyar guga ce ta sake bi ta kan itace. Littafin ya nuna mana zanen tun ana cikin yinsa. Wannan ita ce babbar kyautar da labari mai tsawo ke ba mai karatu. Maƙwabcinmu mu kan gan shi ne bayan zane ya riga ya yi zurfi, sai mu ce haka ya ke tun asali. A cikin littafi kuwa muna nan ranar da aka ja layi na fari.

Akwai kuma labarin da ke bin hanyar nan ta baya, wanda kowane mai karanta wannan jarida ya sani, watau na Yakubu ɗan Ishaku. Ya fara kamar Gizo, ya karɓe gadon wansa Isuwa da kwanon abinci, ya ruɗi ubansa makaho. Sa'an nan ya yi shekara 20 a gidan Laban, inda shi ma aka yi masa wayo a kan aure da a kan lada. Da ya komo, sai ga shi yana sunkuyawa ƙasa gaban wan da ya cuta, yana aika masa da kyautai. Duk da haka, son kai tsakanin 'ya'ya, irin wanda ya raba gidan ubansa, ya sake fitowa a nasa gida a kan Yusufu. Mutumin ya sake ƙwarai, amma tabon tsohon zane bai ɓace duka ba. Haka sakewar mutum ta kan kasance.

Abubakar Imam ma ya san ƙarfin labari. A cikin littafi na fari na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, aku ne ke tsare ɗan sarki Musa da labaru dare bayan dare, domin kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ba ƙofa ce ta tsare yaron ba, ba kuwa dogari ba. Labari ne ya riƙe shi har zafin zuciyarsa ya huce.

4. Masu hikima na nesa

Wannan tambaya ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A ƙasar Girka akwai wani malami, Aristotal, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Almasihu. Shi ma da dutse ya yi misali, amma ta wata fuska. Ya nuna cewa dutse halittarsa ce ya faɗo ƙasa, kome yawan jefa shi sama ba za ya koyi tashi ba. Mutum kuwa ba haka ya ke ba. Kamar yadda magini ya kan zama magini ta wurin yin gini, haka mai adalci ya kan zama mai adalci ta wurin aikata adalci, matsoraci kuma ta wurin yawan gudu. A nan ya raba mana abu biyu waɗanda mu kan gama su wuri ɗaya, watau halitta da hali. Halitta ita ce abin da muka zo da shi. Hali shi ne abin da sabo ya yi da ita.

A ƙasar Sin kuma, wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, malamai biyu suka saɓa. Shunzi ya ce mutum karkatacce ne tun asali, kamar tanƙwararren itace wanda sai an gasa shi an danne kafin ya miƙe. Menzi ya ce akwai tsiron alheri cikin kowa. Ya ba da misalin wani tudu kusa da babban birni wanda dā kurmi ne. Masu gatari suka sare shi, in ya yi toho shanu da awaki su cinye, har mutane suka ɗauka tun fil azal ƙwaƙwal ya ke. Abin mamaki, ko da shi ke sun saɓa a kan asalin mutum, dukansu biyu sun yarda cewa mutum yana gyaruwa, dukansu kuwa sun ƙare ransu suna koyarwa.

Misalin Menzi ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya bi hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ya ratsa dajin Falgore, wanda aka keɓe, ya san bambancin wurin da aka tsare da wurin da gatari da masu gawayi suka cinye. A ƙasar Maraɗi ta Nijar kuwa an gwada abin a fili. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan ƙananan sabarar da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Manoma suka fara barin toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, suna datse sauran, suna tsare su daga dabbobi. Suka sa wa aikin suna sassabin zamani. Bayan shekara ashirin da 'yan kai aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba shuka su aka yi ba, dā ma suna nan. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu muka ce ƙwaƙwal ne, alhali kuwa duk tohon da ya yi, bakinmu ne ke cinye shi?

Imam Gazali, wanda maƙwabtanmu Musulmi ke karanta littattafansa har yau, ya rasu a 1111. Ya yi gardama da masu cewa hali ba ya sakewa. Ya ce in haka ne, wa'azi da gargaɗi da horo duka sun zama banza. Ya tuna musu cewa ana horon doki, ana horon shaho da kare, balle mutum mai hankali. Amma ya ƙara wata magana mai amfani. Ya ce ba a nufin a tumɓuke fushi da sha'awa daga cikin mutum, gama ba su tumɓukuwa, kuma akwai amfaninsu. Abin da a ke so shi ne a sa musu linzami.

Mutanen Bebeji suna da misalin wannan a ƙofar gidansu. Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka fara a 1971 aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, Kogin Kano ya kan cika ya yi ɓarna da damina, da rani kuwa ya koma yashi. Madatsar ba ta sake halittar ruwa ba, har gobe gangare ya ke bi. Amma an tare shi an yi masa hanya, sai ga shi yana shayar da alkama da shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura tsakiyar rani. Mai zafin rai ba za ya wayi gari ya zama mai sanyi kamar randa ba. Amma zafin nan da ke fasa tukwane a gida, in ya sami hanya, shi ne za ya tsaya wa gwauruwa ranar da a ke so a ƙwace mata gona.

5. Halin ƙasa ma ya kan sake

Wani za ya ce, mutum ɗaya ya yiwu ya sake, amma abin da jama'a duka suka gada fa? A nan ma muna da shaida daga kusa. Akwai wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo kusa da Zarewa, can wajen Rogo, ba nisa da Kiru. An haife ta wajen 1877, ta rasu a 1951. A 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin ranta da Hausa. Aka buga shi da Turanci a 1954, daga baya kuma aka buga Hausar.

Baba ta tashi a zamanin da a ke kama mutane a gona da hanyar kasuwa, dangi su yi ta tara kuɗin fansa. Gidansu ma suna da rinji da bayi. Tana ba da labarin nan yadda mu za mu ba da labarin damina da rani, gama a idon mutanen lokacin haka duniya ta ke, haka kuma za ta dawwama. A ran 1 ga Fabrairu 1903 sojan Turawa da suka taso daga Zariya suka fasa ƙofar Bebeji, bayan kwana biyu suka shiga Kano, kasuwar bayi ta mutu. Dokar da ta ƙarasa soke bauta a Arewa ta zo a 1936. Ba muna yabon igwa ba ne, gama ta zo da nata zalunci, ta kuma zub da jini a Bebeji. Abin da mu ke so mu gani shi ne wannan: da ƙarfi aka rufe kasuwar, amma ba ƙarfi ne ke sa jikokin masu rinji su ji ƙyamar sayar da mutum a yau ba. An daina yi, aka daina sabawa, zuciya ta bi baya. Abin da aka ɗauka zanen dutse ne a rayuwar tsohuwa ɗaya ya shafe.

6. Mutumin kirki

A 1974 wani Bature da ya yi aikin mulki a Arewa, Kirk-Greene, ya buga ɗan littafi a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki. Ya lissafta abu goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba shi ya ƙago su ba, daga bakin mutanenmu ya ji. Ku bi su ɗaya ɗaya, za ku ga babu wanda jariri ke zuwa da shi a hannu. Amana sai an ba ka ajiya ka mayar. Haƙuri sai an ɓata maka rai ka haɗiye. Shi ya sa in yaro ya yi rashin kunya mu kan ce ba shi da tarbiyya, mu ɗora laifin a kan manyansa. Bakinmu yana cewa zanen dutse, amma hukuncinmu yana cewa aikin hannu ne.

To, ina amsar tambayarmu? Hali zanen dutse ne, gaskiya, gama abin da aka daɗe ana yi yana da wuyar bari, wanda kuwa ya raina wannan za ya sha mamaki. Amma da hannu a ke zana shi, kaɗan kaɗan, kuma muddin mutum yana numfashi ba a gama zanen ba. Daga nan abu huɗu suka fito domin zamanmu.

Na ɗaya, sa'anda za mu ba da amana, mu riƙe karin maganar. Wanda ya ci kuɗin jama'a bara, kada a ba shi jaka bana domin ya yi kuka. Wannan ba ƙiyayya ba ce, taimako ne gare shi.

Na biyu, kada mu mai da ita hatimi a goshin mutum. Wanda ba a ba shi jaka ba, a ba shi wani aiki ƙarami inda za ya gwada aminci, in ya cika a ƙara masa. Yaron da a ke kira ɓarawo safe da yamma, muna taya shi zana abin da mu ke ƙi ne.

Na uku, kada ko kaɗan mu faɗe ta a kan kanmu. A bakin mai ba da amana hikima ce, a bakin mai laifi kuwa mafaka ce. Magabata sun riga sun ba ta amsa da suka ce sabo turken wawa.

Na huɗu, mu lura da abin da ke bi ta kan zukatan yaranmu kowane dare. Dā kaka ce da Gizo. Yau waya ce a hannu, da fina-finai, da waƙoƙi. Waɗannan ma labaru ne, suna kuwa yin zane ko mun kula ko ba mu kula ba. Hanawa kaɗai ba ta isa ba. Mu zauna tare da su, mu tambaye su wa ya yi daidai a cikin labarin, wa ya cuci wani, me ya same shi.

7. Yadda za mu karanta labari

Mutanen Riruwai sun san aikin kuza tun kafin zuwan Turawa. Mai wankin kuza ya kan ɗebi ƙasa cikin ƙwarya, ya sa ruwa, ya yi ta juyawa a hankali. Yashi mara nauyi ya bi ruwa, baƙar kuza mai nauyi ta zauna a gindi. Haka karatun labari ya ke. Dariya da mamaki da son jin ƙarshe su kan wuce da sauri, ba laifi ba ne kuwa a ji daɗinsu. Amma in ka rufe littafi, ka ɗan zauna ka juya shi a zuciya, ka ga abin da ya saura.

Akwai tarko ɗaya a nan. Da mun ji labarin Gizo, nan da nan mu kan tuna da wani maƙwabci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai karatun kirki ya kan fara tambaya, "Ina ni ke a cikin wannan labari?" Wataƙila ba Gizo ba ne kai, Abubakar ne, kana riƙe da wata cuta ta shekara goma kana ba ta abinci kowace safiya. Wataƙila Malam Shaihu ne kai, ka sami abin da ka ke so da ƙarfin aljihunka, ba ka waiwayi wanda ka taka ba. Wanda ya gane kansa a cikin labari ya ga zanen tun bai yi zurfi ba, wannan kuwa shi ne lokacin gyara.

Tambayoyi domin bincike tare

1. Ku kawo karin magana uku a kan hali waɗanda ba a ambata a nan ba. Kowace a wane gida ta ke, na fari ko na biyu?

2. Mene ne bambancin halitta da hali? Ku ba da misali daga horon shanun noma.

3. A wane wuri ne Abubakar na Jiki Magayi ya ke da damar juyawa? Wa ya kamata ya yi masa magana, me kuma za ya ce masa?

4. In saurayi ya komo ƙauye daga gidan yari, wane aiki za a fara ba shi, wane kuma za a jinkirta?

5. A cikin abu goma na mutumin kirki, wanne ne ya fi wuya a kasuwa, wanne kuma ya fi wuya a cikin gida?

Aikin wannan wata

Kowane magidanci da kowace uwa su nemi dare ɗaya cikin mako su ba yara tatsuniya, ko su karanta musu babi ɗaya na littafi, su bar yaran su faɗi abin da suka gani a ciki. In akwai tsohuwa a gidan, ita za a ba wuri. Kowa kuma ya zaɓi abu ɗaya cikin goman nan, wanda ya san ya fi ƙaranci a wurinsa, ya aikata shi sau ɗaya kowace rana har wata ya ƙare. Kada ya gaya wa kowa. In mutanen gidansa suka lura da kansu, to, ya san igiya ta fara cin itace.